Yadda za ka auna bugun zuciyarka yayin motsa jiki

Zuciya da kanta take samar da wutar da ke buga ta. A saman ɗakinta na dama akwai ɗan gungun ƙwayoyi da likitoci ke kira sainos nod, daga nan kowane bugu yake tashi. Idan kana zaune, wata jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, mai suna bagus, ita ce ke taka masa birki, shi ya sa bugun baligi yake tsakanin 60 zuwa 100 a minti. Da ka fara sassarfa a filin wasa na Pantami da ke Gombe, birkin ne zai fara saki har bugu ya kai wajen 100. Abin da ya haura haka aikin jijiyoyin zaburarwa ne da adirenalin, sinadarin da jiki ke fitarwa don ya ƙara wa zuciya sauri.

Ka fara da sanin iyakarka, wato bugu mafi yawa da zuciyarka za ta iya yi a minti. Cire shekarunka daga 220: mai shekara 40 zai sami 180. Matsakaicin motsa jiki shi ne kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na wannan, wato 90 zuwa 126. Kimantawa ce kawai, kuma ba ta aiki ga mai shan maganin hawan jini irin su atenolol, domin maganin yana danne bugun da gangan.

Kana tsayawa, ɗora manuniya da na tsakiya a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa. Kada ka sa babban yatsan, yana da nasa bugun, zai rikita ka. Ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. Idan a wuya ka auna, taɓa gefe ɗaya a hankali, don dannawa da ƙarfi na rage bugun har jiri ya ɗebi mutum.

Awon da aka fi sakaci da shi shi ne na biyu, bayan minti ɗaya kana ɗan takawa. Ya kamata bugun ya sauka da fiye da 12. In kullum bai kai haka ba, ka nuna wa likita.

A zafin Maris da Afrilu na Gombe, gumi yana rage ruwan jini, sai zuciya ta ƙara sauri don cike giɓin ko da ba ka ƙara gudu ba. Fita bayan asuba, sha ruwa tukuna, ka ajiye goro sai ka dawo. Mai azumi ya bari sai bayan buɗa baki.

In ka sami ciwon ƙirji, suma, ko bugu mai tsalle-tsalle tare da jiri, ka tsaya nan take, a kai ka asibiti a yi maka gwajin ECG, wato awon wutar zuciya da na'ura.