Ɗinka wa ƙungiyar unguwa jesi a cikin gem: wuraren da aka fi yin tuntuɓe

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani yaro ya shigo shagona na gem da ke wajen titin Bauchi a nan Jos, riƙe da filashi, ransa a ɓace. Ya ce, "Yaya, kwana uku ina haɗa wa ƙungiyarmu jesi, amma da na saka sai 'yan wasan suka fito kamar an watsa musu fenti." Muka sa a PS4 muka duba. Bajon ƙungiya ya koma hammata, rubutun ƙirji ya sauko cinya, wuyan rigar kuma yana jikin safa. Ashe jesin nasu na gaske ya shimfiɗa a kan tabarma, ya ɗauki hoto da waya, ya yanke gefe-gefe ya loda.

Ban yi masa dariya ba, don ni ma daga nan na fara. Kuma na san abin da ya kawo shi. Garin da ya fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa, garin da Plateau United ta ɗauko masa kofin gasar Najeriya a 2017, ka kunna gem ka nemi ƙungiyarsa ka rasa, balle ta unguwarku. Shi ya sa har yau yawancinmu muke riƙe da gem ɗin ƙwallon nan, PES 2021, da kamfanin Konami ya fitar a 2020. Shi ne na ƙarshe a jerin kafin magajinsa eFootball ya zo a 2021 babu wannan damar ta shigar da hoton riga.

Kuskuren yaron nan shi ne uwar sauran kurakuran. Gem ba hoton riga yake nema ba. Abin da yake nema ya fi kama da yadin da tela ya yanka bai kai ga ɗinkawa ba: ga gaba, ga baya, ga hannaye biyu, ga gajeren wando, ga safa, kowanne a shimfiɗe a muhallinsa cikin hoto ɗaya mai kusurwa huɗu daidai. Gem ɗin ne telan, shi zai ɗauki kowane yanki ya naɗa a jikin ɗan wasa, kuma ba ya tambayarka me ka zana. Duk abin da ya tarar a gurbin hannu, hannu ne. Masu harkar suna kiran wannan shimfiɗa tamfilet. Ka nemi na gem ɗin da kake bugawa, don na Dream League Soccer ba ya hawa PES, na PES ba ya hawa FIFA. A manhajar zane ka ajiye shi a leya ta sama, wato shafin da ke kan sauran shafukan zanen, ka yi zanenka a ƙarƙashi, in ka gama ka ɓoye layukansa. Da yawa suna mantawa da wannan ɓoyewar, sai riga ta fito da baƙaƙen layuka kamar allin tela.

A nan ma akwai wani tarko. Ba duka yankunan ne suke tsaye yadda ido ya saba ba, wasu a kwance suke, wasu a juye. Idan rigarku mai ratsi ce, ratsin gaba sai ya haɗu da na baya a kafaɗa da kuma gefen ciki, in ba haka ba ɗinkin zai fito a karkace. Dabarar da nake yi kafin in ɓata lokaci a kan ado ita ce in rubuta manyan haruffa a kowane yanki, G a gaba, B a baya, HD a hannun dama, in loda, in juya ɗan wasan a wurin gyara in ga inda kowane harafi ya faɗa da kuma ina ya fuskanta. Minti goma ne, amma yana raba ka da aikin kwana biyu. Duk wanda ya taɓa gwada kwaikwayon jesin Super Eagles na 2018, mai zanen nan na zigizaga a jiki da hannu, ya san abin da nake nufi.

Sai girman hoto. PES 2021 yana karɓar riga mai fiksel, wato ɗigon hoto, 2048 tsawo 2048 faɗi, ko kuma ƙarama mai 1024. Dream League Soccer na waya 512 da 512 yake so. Mutum zai samo hoton 512 ya ja shi ya kai 2048, yana ganin ya yi dabara. Gem zai karɓa, amma rubutun zai fito dishi-dishi kamar an jiƙa takarda. Ka fara aikinka da babban ma'auni tun daga farko. Rage babba ya koma ƙarami ba ya ɓata komai, ƙara ƙarami ne ba ya yiwuwa.

Nau'in fayil kuwa PNG ne. Canza sunan fayil daga jpg zuwa png ba ya mayar da shi PNG, kamar ka sake wa buhun masara suna ne ka ce shinkafa ce. Sai ka buɗe shi a manhajar gyaran hoto irin Photoshop ko GIMP, wanda kyauta ne, ko PixelLab in a waya kake aiki, ka fitar da shi a matsayin PNG. Wani abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya shi ne WhatsApp. In ka tura wa abokinka rigar a matsayin hoto, manhajar za ta matse ta, ta rage girmanta, ta mayar da ita JPG. Shi kuma ya yi ta fama yana cewa aikinka ne bai yi ba. A matsayin takarda ake turawa, ta wurin da ake tura fayil.

Wannan matsewar ita ce kuma take kashe bajo. Bajo mai kyau bayansa fayau yake, babu launi ko kaɗan, kuma JPG ba ya iya riƙe wannan. Shi ya sa za ka ga tambarin ƙungiya zaune cikin farin akwati a kan jar riga, kamar an manna katin gayyata. Ka goge bayan, ka ƙara girman hoton a allo ka bi gefen tambarin a hankali, don farin zaren da ya rage a baki yana fitowa ɓaro-ɓaro a babbar talabijin.

Lamba da suna kada ka zana su. Na ga wanda ya rubuta 10 a bayan riga saboda ita ce lambarsa a fili, aka shiga wasa duk 'yan ƙungiyar suka fito da 10, ga kuma lambar da gem ya ɗora a kai, biyu sun cakuɗe. Ka bar bayan fili, gem ne yake sa lamba da suna. Naka shi ne ka shiga wurin gyaran riga ka zaɓi launinsu da girmansu. Farar lamba a kan ruwan ɗorawa irin na Kano Pillars ba ta ganuwa daga nesa, kore ko baƙi za ka sa. A can ne kuma za ka zaɓi irin wuyan rigar da ya dace da zanenka, kada ka zana mai zagaye ka bar gem a kan mai kwala.

Kuma don Allah a daina yin riga ɗaya a tashi. Ƙungiya tana buƙatar ta gida, ta waje, da ta gola. A shago na sha ganin gardama ta ɓarke saboda ɓangarorin biyu sun fito da shuɗi, wani ya ba abokin hamayya ƙwallo ya ce ba a yi adalci ba. In ta gida mai duhu ce, ta waje ta zama mai haske, ta gola kuma ta saɓa da duka biyun.

Wajen lodawa a PS4, filashin ya kasance an tsara shi a FAT32, tsarin da ake zaɓa wajen yi masa fomat, a buɗe folda mai suna WEPES da manyan haruffa, a zuba hotunan a ciki. Harafi ɗaya ya kuskure, na'urar za ta ce ba ta ga komai ba. Masu Xbox sai haƙuri, PES ɗinsu ba ya karɓar hoto daga waje. A Dream League kuwa adireshin intanet ake liƙawa, kuma dole ya zama na hoton kansa, mai ƙarewa da png, ba na shafin da hoton yake zaune ba.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi min ciwo. Na taɓa shafe kusan wata guda ina haɗa ƙungiyoyin unguwanni, Gangare, Rikkos, Anguwar Rogo, Dilimi, kowacce da rigunanta uku. Wani dare ina cikin ajiye gyara a kwamfuta aka ɗauke wuta, fayil ɗin ya lalace, kuma ba ni da kwafi. A kwamfuta PES yana ajiye gyara a fayil mai suna EDIT00000000, a foldar KONAMI da ke cikin Documents. Kwafe shi ba ya cin minti ɗaya. Ka kwafe shi kafin ka gwada duk wani sabon abu da ka sauko da shi daga intanet, musamman manyan fayilolin gyara na wasu, don suna iya hawa kan ƙungiyoyin da ka sha wahalar haɗawa. Ainihin zanen ma ka ajiye shi da leyoyinsa, ba PNG kaɗai ba, saboda ranar da ƙungiya ta canza mai ɗaukar nauyi rubutun ƙirji kawai za ka taɓa.

Yaron nan ya dawo bayan sati guda da sabuwar riga, kore da fari, komai a wurinsa sai ratsin hannun hagu da ya kalli baya. Muka juya shi tare, muka loda. Ya zaɓi ƙungiyarsu, ya zaɓa wa abokinsa Barcelona, ya miƙo min kuɗin wasa biyu.