Kafin Ku Sa Ranar Aure a Ingila, Ku San Wane Ne Cocin Ingila

A wata shidan nan da suka wuce, yaranmu uku daga cikin waɗanda suka zo karatu sun same ni gida da magana iri ɗaya: "Yaya, mun sa rana." Kowannensu tambaya ɗaya na yi masa, ko sun je ofishin rajistar aure na ƙaramar hukuma. Biyu suka ce ai a coci za a ɗaura, na ukun ya ce ai liman ya riga ya amince. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ramin da na faɗa a 2016 shi ne har yau yake cin mutanenmu, kuma ba don an rasa mai faɗa musu ba.

Sauran abubuwan sabon zuwa ba za su ba ku wahala ba. Layin waya, katin bas, rigar sanyi, rajista da likitan unguwa, shagon da ake samun garin tuwo da kuka da daddawa, duk cikin mako biyu za ku sani, don jama'armu a nan Manchesta ba sa barin baƙo ya yi ta lalube shi kaɗai. Ina alfahari da mu a kan wannan. Takardun aure ne ba mu iya ba.

Ni ɗan Wusasa ne. A cocin Angilikan aka yi mini baftisma, a nan na koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, aikin da Dakta Walter Miller ya sha wahala a kansa. Saboda haka da na sauka Ingila gani nake gida na zo, wurin uwar cocinmu. Da muka shirya aure da wadda take matata yanzu, sai na yi lissafi irin na gida: a yi shelar aure Lahadi uku a jere, in babu mai ƙorafi a ɗaura. Na biya kuɗin kama zauren biki, na biya mai girki rabin kuɗinta, surukata ta sayi tikitin jirgi. Sai da ya rage mako biyar na je wurin limamin cocin unguwarmu. Ya karɓi fasfona ya duba, ya ce mini cikin tausayi ba zai iya ba. Tun watan Maris na 2015 doka ta hana ɗaura wa baƙo irina, mai fasfon Najeriya, aure da shela kaɗai. Dole mu biyu mu je ofishin rajista mu ba da sanarwa, a jira kwana 28, kuma in hukumar shige da fice ta ga tana son bincike, jiran yana iya kaiwa kwana 70. Ranar da muka samu ta ganin jami'in rajista ma sai bayan mako uku. Kuɗin zaure ya tafi, tikiti ya tashi a banza, surukata ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Har yau in na tuna ranar da na kira mahaifiyata na ce "Mama, an ɗaga," sai na ji nauyi a ƙirjina.

Abin da na ce wa limamin a ranar shi ne, ina ruwan gwamnati da auren coci? Amsarsa ce ta sa na koma na karanta tarihin cocin da na tashi a cikinsa ban san asalinsa ba. A Ingila limamin wannan coci ma'aikacin doka ne a wajen aure. Auren da ya ɗaura, hukuma ce ta ɗaura. Kuma wannan ya samo asali ne daga wata rigimar aure ta kusan shekara ɗari biyar.

Kiristanci ya daɗe a tsibirin, amma kujerar babban bishop ta Kantabari ta fara ne a 597, lokacin da Paparoma Giregori ya aiko Agustin wurin sarkin Kent. Shekara fiye da ɗari tara cocin Ingila yana ƙarƙashin Roma. Sarki Henri na Takwas, wanda ya hau gadon sarauta a 1509, ɗan Katolika ne na gaske. A 1521 ya rubuta littafi yana mayar wa Martin Luther, ɗan Jamus mai sukar cocin Roma, martani, Paparoma Liyo na Goma ya ba shi laƙabin Mai Kare Addini. Ku ɗauki kwabon fam ɗaya ku duba gefen kan sarki, za ku ga haruffan F da D. Laƙabin nan ne, har yau ba su sake shi ba.

Matsalar Henri magaji ce. Matarsa Katarin, 'yar sarautar Sifaniya, ta fara auren wansa Arthur wanda ya rasu a 1502, sai da Paparoma ya ba da izini na musamman kafin Henri ya aure ta. Cikin 'ya'yan da ta haifa masa, mace ɗaya ce ta rayu, Meri. Henri ya kafe a kan wata aya ta Littafin Firistoci da ta ce wanda ya auri matar ɗan'uwansa ba zai sami 'ya'ya ba. Ku lura da kyau, ba saki ya nema ba. So yake a yanke hukunci cewa auren bai ɗauru ba tun farko, don ya auri Anne Boleyn. Paparoma Kilement na Bakwai kuwa hannunsa a ɗaure yake, domin a 1527 sojojin Sarki Charles na Biyar sun afka wa birnin Roma, shi Charles ɗin kuma Katarin ƙanwar mahaifiyarsa ce. Aka yi ta jan shari'a shekara da shekaru.

Da Henri ya gaji, sai ya bi ta majalisa. A 1533 aka yi dokar da ta hana ɗaukaka ƙara zuwa Roma, sabon babban bishop na Kantabari, Thomas Cranmer, ya warware auren. A 1534 wata doka ta ce sarki ne shugaban ƙoli na cocin Ingila. Waɗanda suka ƙi rantsuwa a kan haka sun biya da ransu: a 1535 aka fille kan Bishop John Fisher da Thomas More, wanda ya taɓa zama babban na hannun daman sarki. Daga 1536 aka shiga rufe gidajen sufaye ana kwashe filayensu da dukiyarsu zuwa baitulmalin sarki. Ni Angilikan ne, ina ƙaunar cocina, amma ba zan ce muku wannan mafari mai tsabta ne ba. Akwai son zuciya da zubar da jini a ciki.

Wani abu da ya fi shafarmu: a 1538 Thomas Cromwell, babban ministan Henri, ya ba da umarni kowane cocin unguwa ya buɗe littafi yana rubuta duk baftisma da aure da jana'iza. Tun daga nan takardar mutum a ƙasar nan ta haɗu da coci.

Henri kansa bai sauya aƙida sosai ba, Paparoma kawai ya cire ya zauna a wurin. A zamanin ɗansa Edward aka kawo littafin addu'a na Turanci a 1549. Meri ta hau a 1553 ta mai da ƙasar ƙarƙashin Roma, aka ƙona mutane kusan 300, har da Cranmer a Okusfod a 1556. Elizabet ta Ɗaya ce ta daidaita abin a 1559, ta ɗauki laƙabin mai mulkin ƙoli na coci, wanda Sarki Charles na Uku yake riƙe da shi yau. Shi ya sa dokar 1701 ta hana ɗan Katolika hawa gadon sarauta, shi ya sa kuma bishop-bishop 26 suke da kujeru a majalisar dattawa.

Yanzu ga 'yan'uwana Musulmi, waɗanda su ne mafi yawanmu a nan, kuma wannan ya fi cutar da su. Daga dokar 1753, in ban da Yahudawa da wata ƙaramar ɗarika, babu auren da hukuma ta sani sai na Cocin Ingila. Sai a 1837 aka fara auren ofishin rajista, aka kuma bar sauran wuraren ibada su yi rajista su riƙa ɗaurawa. Har yau haka tsarin yake. Masallaci, cocin Katolika, ko cocinmu na 'yan Afirka da ke haya a zaure, sai ginin yana da rajistar aure, kuma jami'in rajista ko wanda aka ba izini yana wurin, sannan doka ta san an yi aure. In an shafa Fatiha a falo, an ba da sadaki, an raba goro, aure ya ɗauru a addini, amma a idon kotun Ingila saurayi da budurwa ne suke zaune tare. Na raka wata ƙanwarmu wurin lauya bayan mijinta ya rasu bai bar wasiyya ba, shekara tara suna tare da 'ya'ya biyu. A gabana aka gaya mata doka ba ta ɗauke ta matarsa ba. Kukan da ta yi a cikin mota ba zan manta da shi ba. Don Allah iyaye da waliyyai, ku tambayi liman kai tsaye ko masallacin yana da rajista. In babu, a ɗaura na addini, a je ofis a yi na hukuma. Ɗaya ba ya rage darajar ɗayan.

Ga yadda za ku yi. Kada ku biya kowa ko kwabo sai kun sami ranar ba da sanarwa. Ku je ku biyu tare, da fasfo, da shaidar izinin zama, da hoto, da takardar da ta nuna adireshinku, kuma sai kun yi aƙalla kwana bakwai cikakku a yankin. Ku yi lissafi da kwana 70, ba 28 ba. Sanarwar tana aiki wata 12, don haka babu asara in kun yi da wuri. Kuma sunan wurin da za a ɗaura yana cikin sanarwar, in kuka sauya wuri sai an sake daga farko. Wanda ya shigo da bizar ziyara ta yau da kullum kada ya gwada, akwai biza ta musamman ta zuwa aure.

Tarihin nan zai sake tarar da ku a makaranta. Kusan ɗaya cikin huɗu na firamaren Ingila na wannan coci ne, amma gwamnati ce take biyan kuɗinsu, kyauta suke, kuma 'ya'yan Musulmi da yawa suna ciki. Iyaye suna da ikon cire yaro daga taron addu'a. Wasunsu suna da ƙarin fom ban da na ƙaramar hukuma, kuma ranar rufe neman gurbin firamare 15 ga Janairu ce. Zai kuma tarar da ku a jarrabawar neman zama na dindindin, tambaya 24 cikin minti 45, sai ka ci 18. Henri da matansa shida suna cikin littafin da ake karantawa, haka ma bambancin da mutanenmu suke yawan faɗuwa a kansa: cocin ƙasar Sikotilan ba Angilikan ba ne, ba shi da bishop, kuma sarki ba shugabansa ba ne.

Cikin yaran nan uku, biyu sun ji magana sun ɗaga ranarsu. Na ukun ya ce mini, "Yaya, ai kati ya riga ya fita." Ranar Litinin zan ɗauki hutun rabin yini in kai shi ofishin rajista da kaina, mu ga abin da za a iya cetowa.