Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Babur Mai Bugu Biyu da Neman Kayan Gyaransa a Kano

Tun da kamfanin Yamaha ya fito da DT-1 a shekarar 1968, kamfanonin Japan suka shiga gasar ƙera baburan da ke tafiya a kan kwalta kuma su ratsa burji da yashi ba tare da gajiyawa ba. Daga cikinsu akwai DT125 da DT175 da AG100 na Yamaha, da TS125 da TS185 na Suzuki, da KE175 na Kawasaki, irin dogayen baburan nan da aka saba gani a hannun malaman gona da ma'aikatan lafiya masu zagaya ƙauyuka. Yau galibinsu suna jingine a zaure ko a bayan gareji, ƙura ta lulluɓe su, amma wanda ya bi su a hankali zai iya mayar da su kan hanya, domin injinsu mai bugu biyu ne, wato irin wanda ke ƙona man inji tare da fetur, kuma ba shi da sarƙaƙiya.

Kafin a biya kuɗi, a nemi takardun babur, a gwada lambar inji da ta ƙarfen jiki da abin da ke rubuce, domin ba a son mutum ya gama kashe kuɗinsa sannan mai abu ya bayyana. Bayan haka a fifita babur da kayansa suke cikakku ko da ya yi tsatsa, a kan wanda ke sheƙi amma ya rasa salansa ko murfin gefe ko fitila, saboda waɗannan ƙananan abubuwa su ne suka fi wuyar samu. A taka kik da sannu: idan ya sauka da ɗan nauyi, fistin yana motsi kuma akwai matsi; idan ya ƙi motsawa ko kaɗan, mai yiwuwa injin ya buga ko tsatsa ta kama shi, sai a rage farashi daidai da haka.

Kuskuren da na fi gani shi ne a fara da fenti. Aikin farko yana cikin inji, kuma a inji mai bugu biyu abin da ya fi muhimmanci shi ne kada iska ta sato hanya ta shiga. Akwai sil biyu na roba masu tare iska da mai a gefunan kiransha, wato sandar da fistin ke juyawa, waɗanda ke bushewa idan babur ya daɗe a ajiye, balle a zafi irin na Kano. Idan na ɓangaren wuta ya lalace, inji zai riƙa zuƙar iska fiye da kima, ya yi ta ɗaga murya shi kaɗai, ya yi zafi har fistin ya narke. Idan na ɓangaren kuloci ne, zai riƙa shan baƙin man giya yana fitar da hayaƙi mai kauri. A canza su duka biyun tare da boris ɗin kiransha, ko da bakanike ya ce suna da sauran rai, domin kuɗinsu bai kai wahalar sake buɗe inji ba. Sannan a auna ramin silinda. Idan ya zaizaye, sai a nemo fistin mafi girma, wanda ake samu hawa-hawa, daga ƙarin milimita 0.25 zuwa 0.50 har 1.00, kuma sai fistin ya zo hannu tukuna a kai wa masu faɗaɗa ramin su yi aiki daidai da shi.

Batun man inji shi ne rayuwar wannan inji. Yamaha ta sa wa nata famfon da ake kira Autolube, Suzuki kuma CCI, wanda ke tura mai daga ƙaramin tanki na daban. Idan famfon yana aiki, a canza tiyonsa, a fitar da iskar da ta shiga ciki, a bar shi. Idan za a haɗa mai da fetur a tanki, mililita 30 zuwa 40 a kowace lita ya wadatar, amma a Suzuki kada a cire famfon, domin yana kai mai kai tsaye ga boris ɗin kiransha. A yi amfani da man 2T na gaske, wato man da aka yi musamman domin inji mai bugu biyu. Al'adar da aka koya daga ƙananan janareto, ta zuba baƙin man mota a fetur, tana toshe salansa da baƙin gawayi kuma tana kashe fulogi. A wanke tanki da kafireto, a ƙone dattin cikin salansa, a kuma riƙa wanke soson iska akai-akai a lokacin hunturu.

Neman kayan gyara shi ne inda ake gane mai haƙuri. Tun da Boxer da sauran masu bugu huɗu suka cika gari, aka kuma hana acaɓa a Kano a farkon 2013, 'yan kasuwa suka juya ga abin da ke tafiya. Duk da haka a fara da Ƙofar Ruwa, a leƙa wurin 'yan gwangwan, a kuma zagaya shagunan Sabon Gari, inda wasu dillalai ke iya yin odar kaya daga garin Nnewi na jihar Anambra. A tafi da tsohon abin a hannu ko da lambarsa, kada a dogara da suna kawai, domin DT175 ta farko da wadda aka yi a ƙarshen shekarun 1970 mai shokozoba ɗaya a baya sun bambanta a abubuwa da dama. Tsofaffin makanikai sun fi kowa sanin gidan da aka jingine irin babur ɗin, kuma sau da yawa sayen mataccen babur sukutum domin a riƙa cire kaya ya fi araha. Abin da ya gagara a nema ta intanet da lambar kamfani. An daɗe ana ƙera DT175 da AG100, shi ya sa kayansu na Tailan da Taiwan suke samuwa. Roba da wayar birki na kwaikwayo ba laifi, amma fistin da zobe da boris a dage a kan 'yan kamfani.

Idan an ɗaura inji, a yi kilomita 500 na farko ba tare da murɗa totur har ƙarshe ba, ana tsayawa yana hucewa, a kuma riƙa ciro fulogi ana duba launinsa: ruwan ƙasa alama ce ta daidaito, fari kuwa yana nufin fetur ya yi kaɗan, sai a koma kan kafireto kafin a ƙara nisa.