Kurakuran da sababbin 'yan sa-kai ke yi a aikin wayar da kan mata

Na gaji da ganin sababbin 'yan sa-kai suna faɗawa ramin da na faɗa tun shekarata ta farko a wannan aiki.

Kuskure na farko, wanda har yau yake ci min rai, shi ne tunkarar mijin da ke dukan matarsa. Wata baiwar Allah ta ja ni gefe bayan an tashi taro, ta nuna min tabo a damtsenta, ta ce kada kowa ya ji. Zuciya ta ɗebe ni, washegari na same shi wai zan yi masa nasiha. Ya tarbe ni da fara'a, har da godiya. A daren ya lakaɗa mata dukan da ya fi na baya, ya kuma hana ta fita. Ni na koma gida na yi barcina, ita ce ta kwana ɗaki ɗaya da shi. Ban sake ganinta ba.

Tun daga ranar ba na ɗaga ƙafa sai da izinin mai abin. Nakan saurara, in ce mata "ba laifinki ba ne", sannan in tambaya: ya taɓa shaƙe ki? Akwai makami a gidan? In abu ya ɓaci da tsakar dare, ina za ki nufa? Lambar wayar neman agaji kuwa haddace ta nake sa ta yi, domin takarda tana iya faɗawa hannunsa. Ku kuma daina gaggawar cewa "ki bar shi yau". Lokacin rabuwa yana cikin lokutan da suka fi haɗari ga mace, sai da shiri. "Ki yi haƙuri" ma ba amsa ba ce, ta sha jin ta kafin ta zo gare ku.

Kuma don Allah, wa ya koya muku cewa a taro "wadda mijinta ke duka ta ɗaga hannu"? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i. Suna nan zaune a gabanku, ba sai kun tona musu asiri ba.

Na biyu, mai da kai likita. Horon kwana uku ba ya ba ku damar zaɓa wa mace maganin tazarar haihuwa. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne lokaci. Bayan fyaɗe, maganin kariya daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki na gaggawa cikin awa 120. Mai juna biyu da ke zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko jijjiga, asibiti kai tsaye. Ni ba na buɗe baki a wuri sai na san asibitin da zan tura mutum da wanda zai karɓe shi a can.

Sauran ƙanana ne. Kada a ɗauki hoton kowa don Facebook. A bar manyan kalmomin takarda, a yi maganar da mutane ke yi. A ware wa maza nasu zaman, in ba haka ba su ne za su hana matan zuwa. Ziyarar gida kuma ba na yin ta ni kaɗai, kullum mu biyu ne.