Yadda za a tace wa yara shirye-shiryen ban tsoro na talabijin

A hutun makaranta na bazara a Jidda ko Makka, zafi yakan tsare yara a ɗaki tun daga hantsi har bayan la'asar, kuma ba a daɗewa sai wani daga cikinsu ya gano irin shirye-shiryen ban tsoron nan da aka tsara domin yara, waɗanda kowane kashi yake ɗauke da labarinsa daban da 'yan wasansa daban. Fitattu daga cikinsu su ne Goosebumps, wanda aka nuna daga 1995 zuwa 1998 bisa littattafan R.L. Stine, da Are You Afraid of the Dark?, kuma dukansu a Kanada aka ɗauke su. Hana kallon gaba ɗaya ba ya cika yin aiki, tunda wayar yayansu tana nan, don haka gara a san yadda za a tace.

Da farko a gane abin da yake jan yaro. Tsoro ne mai iyaka, wanda yake farawa ya ƙare cikin minti ashirin da 'yan kai, kamar dai tatsuniyar Dodo da kaka take yi bayan sallar isha'i. Shirin Are You Afraid of the Dark? ma a kan wannan tsari aka gina shi, domin yara ne suke taruwa da dare a gefen wuta cikin daji, ɗaya ya ba da labari, idan ya gama a zuba ruwa a kashe wutar kowa ya kama hanyar gida.

Matakin da ya fi kowane muhimmanci shi ne uwa ko uba su fara duba mintuna biyun ƙarshe na kashin kafin a kunna wa yara, domin a nan babban aibin irin waɗannan shirye-shirye yake ɓuya. Mai tatsuniya idan ta ce "ƙurunƙus kan kusu" ta rufe ƙofar labari ke nan, an kashe Dodo, yaro ya kwanta hankalinsa kwance. Goosebumps kuwa ya saba juya labari a daƙiƙar ƙarshe: an ɗauka an rabu da wata muguwar 'yar tsana mai magana, sai a ga alamar cewa masifar tana nan ba ta tafi ba, nan take rubutun sunayen 'yan wasa ya fara hawa. Ɗan shekara goma sha biyu dariya zai yi, amma ƙaninsa ɗan shekara shida shi ne za ku tarar ƙarfe biyun dare a bakin ƙofarku rungume da matashi, yana cewa, "Umma, akwai abu a cikin kwaba."

Kada kashi ɗaya mai kyau ya sa a amince da sauran. Tunda marubuta da 'yan wasa suna canzawa, wani kashin labari ne mai ma'ana a kan hassada ko cin zali a makaranta, wani kuwa ihu ne kawai da dodon roba wanda ko jinjiri ba zai ruɗa ba. Akwai kuma waɗanda suka ginu a kan tsafi da dawowar matattu, kuma a ganina waɗannan sai an zauna tare da yaro an bayyana masa cewa ƙirƙira ce, domin yaron da yake jin zancen aljanu a gida ba lalle ne ya raba wasa da gaske ba.

Sai batun lokaci. A kalla da rana, a falo, labule a buɗe, kashi ɗaya kawai, kuma a kashe tsarin da yake kunna kashi na gaba da kansa. Idan yaran sun fi jin Larabci kuma da fassarar rubutu suke bi, a lura da ƙaramin da bai iya karatu da sauri ba, saboda hoto da sauti kawai yake kwasa babu bayanin da zai sassauta masa. Shi gara a zaunar da shi kusa da babba, ana gaya masa abin da ake ciki da Hausa, a kuma rage sauti idan kiɗan ya fara hawa.