Yadda Ake Shan Amlodipine Ba Tare da Kumburin Ƙafa Ya Sa an Ajiye Shi Ba

Idan aka auna ka a ranaku daban-daban aka ga jininka ya ƙi sauka ƙasa da 140/90, da wuya likita bai rubuta maka maganin hawan jini irin amlodipine ba. A kemis za ka same ta da sunaye barkatai, Norvasc da kamfanin Pfizer ya fara fitarwa shi ne na asali, amma ƙwayar ɗaya ce. Aikinta shi ne hana sinadarin kalsiyam shiga tsokar da ke bangon jijiyoyin jini, sai jijiyar ta saki, jini ya wuce ba tare da zuciya ta yi ta fama ba. Kuma tana karɓar jikin baƙar fata sosai. A shekarar 2019 an fitar da sakamakon binciken CREOLE, wanda Dike Ojji, likitan zuciya a Jami'ar Abuja, ya jagoranta a kan mutum 728 a ƙasashe 6 na Afirka, aka ga haɗin magungunan da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jini a kan wanda babu ita.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawan mutanen da suke ajiye ta a ɓoye. Ƙafa ta kumbura, sai a ce maganin bai karɓe su ba, a jefa katin a ƙarƙashin katifa, ba a koma asibiti ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Ga yadda za ka kauce wa wannan.

Da farko, kafin ka haɗiyi ƙwaya ko ɗaya, ka zazzage wa likita duk abin da kake sha, har jiƙo da tsimi da maganin ƙarfin maza, domin irin su sildenafil su ma suna saukar da jini. Idan kana shan simvastatin na rage kitsen jini, kada ya wuce miligiram 20 a rana muddin kana kan amlodipine, don haɗuwarsu na iya jawo ciwon tsoka mai tsanani. Ka faɗa idan kana da ciwon hanta. Ke kuma 'yar'uwa, idan kina da juna biyu, ko kina nema, ko kina shayarwa, ki faɗa tun a zaman farko. Akwai methyldopa da labetalol da nifedipine da likitoci suka fi sabawa da ba masu ciki.

Na biyu, ka saya a kemis mai rajista, ka duba lambar NAFDAC idan a Najeriya kake, ka duba ranar lalacewa. Kada ka saya a tiren da ya yini a rana a tasha.

Na uku, ka tsayar da lokaci guda. Yawanci ana farawa da miligiram 5 sau ɗaya a rana, iyakarta miligiram 10, tsofaffi da masu ciwon hanta kuma a kan fara musu da 2.5. Ko ka ci abinci ko ba ka ci ba duk ɗaya ne. Ka ɗaura ta da abin da ba ka mantawa, kamar sallar asuba ko karin kumallo. Ƙwayar tana daɗewa a jiki, sai bayan awa 30 zuwa 50 rabinta yake fita, shi ya sa sau ɗaya ya isa, shi ya sa kuma mai azumi zai iya mayar da ita sahur ko buɗa-baki bayan ya shawarci likitansa. Idan ka manta, ka sha da zarar ka tuna. Idan an haura awa 12, ka bar ta, gobe ka sha a lokacin da ka saba. Kada ka haɗa biyu don ramuwa.

Kada ka yanke mata hukunci a kwana biyu. Sai ta yi kamar mako guda kafin ta daidaita a cikin jini, cikakken aikinta kuwa yakan ɗauki makonni. A kwanakin farko kana iya jin ciwon kai, fuska ta yi zafi, gabanka ya riƙa bugawa, ko jiri ya ɗebe ka idan ka miƙe da sauri. Yawancin waɗannan suna lafawa da kansu. Idan za ka tashi daga kwance, ka zauna bakin gado tukuna. Haka ma tasowa daga sujada, a yi ta a hankali. Ranar da jiri ya kama ka, ka haƙura da tuƙin mota ko babur.

Yanzu ga babbar maganar, wato kumburin ƙafa. Yakan fito a idon sawu da bayan ƙafa, duka biyun, ya fi yawa da yamma, ya sace da safe. Ya fi kama mata, ya fi kama masu shan miligiram 10, kuma lokacin zafi yana ƙara shi. Mutane da yawa suna firgita, su ɗauka ƙodarsu ce ta lalace. A mafi yawan lokuta ba haka ba ne. Maganin ne ya buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa fiye da waɗanda ke dawo da shi, sai ruwa ya tsattsafo ya taru a ƙarƙashin fata. Saboda haka zuwa kemis a sayi maganin fitsari irin su Lasix ba ya warware matsalar yadda ake zato, sai ma ya ƙarar da ruwan jikinka ya taɓa gishirin jini. Abin yi shi ne ka riƙa ɗora ƙafafu a kan matashi idan ka zauna, ka rage doguwar tsayuwa, ka riƙa ɗan tattaki, sannan ka koma wa likita ka nuna masa. Yana iya rage maka zuwa miligiram 5 ya haɗa maka da lisinopril ko losartan, haɗin da yakan rage kumburin, ko ya canza maka magani gaba ɗaya. Kai dai kada ka daina kafin ka gan shi. Hawan jini ba ya sallama, kana jin garau yana cin ƙoda da ido da zuciya.

Akwai kumburin da ba a jira da shi. Idan ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura tana zafi da ciwo, ko kumburin ya zo da haki da kasa kwanciya rigingine, ko leɓe da harshe da fuska suka kumbura, ko ƙirji ya riƙe, ko ido ya yi ɗorawa, ko ka suma, to asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

Wata illar da ba a cika faɗa ba ita ce dasashi. Wasu yakan yi musu kauri har ya fara hawa kan haƙora. Goge baki safe da dare, da buroshi ko asuwaki, yana rage haɗarin, in kuwa ya fara sai a ga likitan haƙori.

Sai abin da ke warware aikin maganin ta bayan fage. Diclofenac da ibuprofen da ake sha kamar gyaɗa don ciwon jiki suna ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda, paracetamol ya fi maka sauƙi. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma a cikin lissafin har da ɗanɗanon miya na dunƙule, da yaji mai gishiri, da kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuka. Uwargida, wannan a hannunki yake.

Daga ƙarshe, ka samu na'urar awo ta damtse idan da hali. Ka zauna shiru minti 5, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ka auna sau biyu, ka rubuta lambobin da kwanan wata a ɗan littafi. Ranar komawa asibiti ka tafi da littafin tare da katin ƙwayar. A gida kuma ka ajiye ta a wuri mai sanyi da hannun yara ba ya kaiwa, domin 'yan ƙwayoyi kaɗan suna iya halaka ƙaramin yaro. Idan yaro ya haɗiya, a garzaya da shi asibiti nan take ko da yana wasansa lafiya lau, a kuma tafi da katin don likita ya ga nawa suka ɓace.