Yadda mai ciki za ta haɗa bitamin da maganin HIV ba tare da ɗaya ya ɓata aikin ɗaya ba

Babu wani bitamin da ke hana ƙwayar HIV wucewa daga uwa zuwa jariri, ko daga mace zuwa mijinta. Maganin rage kaifin cutar ne ke yin wannan aiki. Idan ba a ɗauki mataki ba, cikin jarirai 100 da masu cutar suka haifa, 15 zuwa 45 kan kamu, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Da magani, adadin kan sauko ƙasa da 5.

Zaton da ake yi wa bitamin yana da asali. A shekarun 1990 an lura a Malawi cewa matan da bitamin A ya yi ƙaranci a jininsu sun fi shafa wa 'ya'yansu cutar, sai aka ɗauka ƙara musu shi zai toshe ƙofar. Da aka gwada a Malawi da Afirka ta Kudu, bai rage komai ba. A Dar es Salaam ta Tanzaniya kuwa, inda aka fara bin mata masu ciki 1,078 masu cutar a 1995, waɗanda aka bai wa bitamin A su ne ma suka fi shafa wa jarirai. Ashe ƙarancin alama ce kawai ta cewa ciwon ya ci jiki. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa bayar da shi da wannan niyya. Amma binciken na Tanzaniya ya nuna haɗin bitamin B da C da E ya rage mutuwar ɗan tayi da haihuwar jariri marar nauyi. Amfaninsa ke nan, kada a ɗora masa abin da ya wuce haka.

Abin da ake so kowace mai ciki ta sha kullum biyu ne: maganin ƙarin jini mai ɗauke da ayon, wato sinadarin ƙarfe, miligiram 30 zuwa 60, da folik asid mikrogiram 400. Duba jikin kwalin da kyau, domin ƙwayar da aka rubuta wa miligiram 200 nauyin haɗin gaba ɗaya ake nufi, ayon ɗin da ke ciki bai wuce 65 ba. Idan bahaya ya yi baƙi, aikin maganin ne, ba abin tsoro ba ne. Bitamin A kada ya wuce ma'aunin IU 10,000 a rana, don yawansa na iya nakasa ɗan tayi, musamman a watannin farko. Mai shan ƙwayoyi iri biyu ko uku ta kai su duka wurin awo a lissafa mata.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lokacin sha. Yawancin masu karɓar magani yau TLD suke sha, ƙwaya ɗaya a rana mai ɗauke da tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Ayon da kalsiyam da magneziyam kan kama dolutegravir tun a hanji su ɗaure shi, sai kaɗan ya shiga jini. Mace ba ta taɓa tsallake rana ba, amma gwaji ya nuna ƙwayar cutar na hawa, a yi ta zarginta da wasa da magani, alhali haɗiye TLD da maganin ƙarin jini take yi tare da sassafe ciki ba komai.

Ƙa'idar ita ce: ki sha TLD awa 2 kafin maganin ƙarin jini, ko awa 6 bayansa. Idan kin sha TLD ƙarfe 7 na safe, ƙarin jini sai 9 ta yi. Idan ƙarin jinin kika fara sha ƙarfe 2 na rana, TLD sai 8 na dare. Mafi sauƙin riƙewa, ɗaya da safe ɗaya da dare. Idan dole sai an haɗa su, to a tsakiyar cin abinci, domin abinci na ƙara shigar dolutegravir. Wannan sassauci bai shafi farin maganin ƙwannafi mai magneziyam ko alminiyam ba, wanda masu ciki ke yawan kurɓa. Shi dole a bar tazarar. Kalsiyam ma a raba shi da ayon, suna hana juna shiga.

Gwajin yawan ƙwayar cuta a jini ne zai gaya miki ko tsarin na aiki. A tabbatar an yi shi tsakanin mako 34 da 36 na ciki. Idan ya haura 1,000 a kowace mililita ta jini, ana ɗaukar jaririn a matsayin mai babban haɗari, a ba shi magani fiye da ɗaya, a maimakon nevirapine kaɗai na mako 6. Ana yi masa gwajin farko a mako 4 zuwa 6, a sake a wata 9, na ƙarshe kuma a wata 18 ko wata 3 bayan yaye, duk wanda ya zo daga baya. Nono zalla wata 6, uwa kuma tana kan maganinta har bayan yaye.

Macen da ba ta da cutar amma mijinta na da ita, ita ma bitamin ba zai kare ta ba. Kariyarta miji ya riƙe magani har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwaji, da kwaroron roba, da maganin rigakafi na PrEP, wanda sai ta yi kwana 7 tana shan ƙwayarsa kafin ya fara tsare ta. Idan kuma an riga an sadu ba kariya, ta je asibiti cikin awa 72 a ɗora ta a kan magani na kwana 28.